Faifan Blu-ray na finafinan kaboyi uku na Sergio Leone, ya kai a siya?

Masoya fim ɗin kaboyi, wannan kwalin mai faifai uku a siya kawai: A Fistful of Dollars na 1964, For a Few Dollars More na 1965, sai The Good, the Bad and the Ugly na 1966, duk Clint Eastwood ne jarumi. Hoton ya fito tas, in kyamara ta matso fuskar ɗan wasa Lee Van Cleef har gumin goshinsa da ƙurar da ke bakin hularsa kana gani, ga kiɗan Ennio Morricone ɗin nan mai fito da kukan kwaikwayon dila yana tashi raɗau, wallahi tsigar jiki sai ta tashi.

Abin da ke ban haushi, lokacin da finafinan nan suka shiga Amurka a 1967 masu sharhi da yawa raina su suka yi, wai fim ɗin taliya ne tunda Leone da ya shirya su ɗan Italiya ne kuma a Sifen aka ɗauki yawancinsu, can wajen Almería, wai kashe-kashe ya yi yawa babu darasi. Su kuma jama'a ko a jikinsu, sinima cika take. Mai sharhin finafinai Roger Ebert ma makin tauraro uku ya fara bai wa na ukun, daga baya ya sa shi cikin manyan finafinai. Ni ina ganin 'yan kallo sun fi su ido, dan Leone ya nuna kaboyi mai datti mai son kuɗi, ba tsaftataccen gwarzo irin na da ba.

Amma fa kwalin yana da matsala. Na ukun dogon ne aka saka, kusan awa uku, wanda aka maido masa wasu wurare da aka yanke, sai aka sa Eastwood da abokin wasansa Eli Wallach suka sake ɗora murya bayan sun tsufa, Van Cleef kuwa ya rasu tun 1989 wani ne ya yi muryarsa, kunne yana ji nan take muryar ta canja. Sannan kalar ta yi rawaya da yawa, sama ma ba ta fito shuɗiya sosai ba. Da sun haɗa da gajeren da aka nuna a sinima da ya fi.

Duk da haka arangamar ƙarshe a maƙabartar Sad Hill, mutum uku a tsaye kowa na harara ga hannu kusa da bindiga, ita kaɗai ta biya kuɗin faifan.