Outlook da Thunderbird: me ya sa tsarin allo yake komawa gidan jiya?

Wata malama da ke aikin sakatariya a wani ofis a Gombe ta kawo kuka a wannan zaure cewa kullum sai ta gyara yadda saƙonnin imel suke jeruwa a allonta, amma washegari ta tarar komai ya koma yadda yake. A ofis Outlook take amfani da shi, a gida kuma Thunderbird, kuma ta tambaya ko ta cire su ta sake sakawa.

Malama, kada ki cire ko ɗaya, domin tsarin da kike gyarawa yana zaune ne a wurin da cirewar ba ta taɓawa. Ciwon ya yi kama a manhajojin biyu, amma ba wuri ɗaya yake tasowa ba.

A Outlook na kwamfuta na asali (classic), wanda yake zuwa tare da Word da Excel, kowace jaka (folder) tana da nata tsarin, saboda haka gyaran da kika yi a akwatin shigowar saƙo bai shafi jakar saƙonnin da kika aika ba. Maganin wannan yana ƙarƙashin View, sai Change View, inda za ki ga zaɓin da ke ɗora tsarin da kike kai a kan sauran jakunkuna. Amma abin da ya fi ruɗa mutane shi ne faɗin taga. Na ga wannan da idona a kwamfutar wani abokin aikina: da safe idan ya haɗa ta da babban allo, saƙonni sukan miƙe layi ɗaya-ɗaya, ga sunan mai aikowa, ga take, ga kwanan wata, da ya zare wayar ya koma ƙaramin allo sai su dunƙule layi biyu-biyu, shi kuwa ya ɗauka saitinsa ne ya goge. Babu abin da ya goge. Outlook yana da umarnin cewa idan faɗin jerin bai kai haruffa 125 ba, ya koma dunƙulallen salo. Ki shiga View Settings, sannan Other Settings, ki cire alamar wannan umarni, ki zaɓi salon layi ɗaya a kowane lokaci.

Idan duk da haka bai tsaya ba, ki rufe shi, ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta outlook.exe /safe, wanda ke buɗe Outlook ba tare da ƙananan manhajojin da aka liƙa masa ba. In ya zauna lafiya a haka, to mai yiwuwa wata ƙaramar manhaja da aka liƙa masa ce take damun sa. Akwai kuma outlook.exe /cleanviews, amma ni ba na gaggawar ba da shi, domin yana share dukkan tsare-tsaren da kika taɓa ƙirƙira, masu kyau da marasa kyau.

Thunderbird, na gidauniyar Mozilla, hanyarsa daban ce, kuma a ganina ya fi sauƙin bincike, tunda abin da ke riƙe da tsarin fayil ne da ido zai iya gani. Girman taga da rabon sassanta suna cikin wani fayil mai suna xulstore.json, jerin ginshiƙan kowace jaka kuma yana cikin fayil ɗinta mai ƙarewa da .msf. A nan ne matsalar wutarmu take shigowa: idan aka ɗauke wuta ko batir ya mutu alhali manhajar tana buɗe, fayil ɗin yana iya lalacewa ko ya kasa karɓar gyaran ƙarshe. Ki shiga Help, sai Troubleshooting Information, ki buɗe jakar bayananki daga can, ki rufe Thunderbird gaba ɗaya, sannan ki canza wa xulstore.json suna, da kin sake buɗewa zai ƙirƙiro sabo. Ki sani kuma cewa danna Repair Folder, maɓallin gyaran jaka, yakan mayar da ginshiƙai asalinsu, kuma tun fitowa ta 115 a shekarar 2023 akwai salon jeri biyu, na tebur da na kati, wanda ya sa wasu suke zaton saitinsu ne ya ɓace bayan sabuntawa.

Ki fara da na ofis, domin zato na ya fi ƙarfi a kan faɗin taga, kuma gyaransa bai kai minti biyu ba. Idan kin shiga jakar Thunderbird kuwa, ki kwafe ta dukkanta a filashi tukuna, kuma kada hannunki ya taɓa fayilolin da ba su da wutsiya irin .msf a ƙarshen sunansu, irin su Inbox da Sent, domin su ne saƙonninki kansu.