Tayar da ta dace da tsohuwar mota mai zafin gudu a Kano

Motata BMW 330i ce, samfurin E46, ƙirar 2002. Ta haura shekara ashirin, amma in ka taka mata totur a kan titin Zariya har yanzu sai ta manna ka da kujera. Daga kamfani an yi ta ne da ƙarfin doki 231, kuma tana iya kaiwa kilomita 250 a awa. Irinta suna nan da yawa a Kano: Mercedes 190E da C-Class, Golf 3 mai injin VR6, Peugeot 406 mai silinda shida. Masu su ba sa wasa da juyen mai, ba sa wasa da fulogi, amma da an zo maganar taya sai ka ji mutum ya ce, "a samo mini mai zane mai kyau kawai." Alhali duk ƙarfin injin nan da duk kamun birki, ta wuri huɗu suke isa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Ni ma haka nake yi a da. Wata shekara cikin watan Afrilu na sayi tayoyin Baljiyam, wato na hannu da ake shigo da su daga Turai, guda biyu, masu suna babba a jiki, zanensu kamar ba a taɓa hawa ba. Ko sati uku ba su yi ba, ina dawowa daga Zariya da rana tsaka, na ji bayan motar yana rawa. Na gangara gefe na duba. Tayar baya ta dama ta yi ƙulu a gefe kamar ƙwan zabo, da na kai hannu kusa da ita sai na ji huci kamar bakin tanda. Mai facin da ya kwance ta, wani dattijo, ya juya ta ya nuna mini wani ɗan zane a jiki, dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ta ƙasar sanyi ce, ba ta nan ba." Ya sake nuna mini wasu lambobi huɗu, muka lissafa, tayar ta shekara tara. Iyalina suna cikin motar a ranar. Tun daga nan ban sake biyan kuɗin taya ba sai na tsuguna na karanta abin da ke rubuce a gefenta.

Karatun ba wuya. Ɗauki 225/45 R17 91W, wato girman tayar gaba ta motata. Lamba 225 faɗin taya ne a milimita. Lamba 45 na nufin tsayin gefen tayar kashi 45 cikin ɗari ne na faɗinta, wajen milimita 101 ke nan. Lamba 17 girman rim ne a inci. Sai 91, nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, kilo 615. In ka ga 94, kilo 670 ne, kuma galibi za ka ga an ƙara XL, alamar an ƙarfafa gefenta. Harafin ƙarshe shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi shafar mai mota irin tamu. Yana nuna iyakar gudun da tayar za ta iya jurewa: T na nufin kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300.

Wani zai ce ai shi bai taɓa wuce 140 ba, to me zai yi da W? Harafin nan yana gaya maka yadda aka gina tayar don jure zafin da gudu ke haifarwa. A Kano kuwa, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 a inuwa, kwalta ta fi haka nesa ba kusa ba, wannan rarar juriya ita ce kake biya. Kada ka sauka ƙasa da harafin da kamfanin motarka ya rubuta. Yana nan a takardar da ke manne jikin ƙofar direba ko cikin murfin tanki, tare da adadin iskar da ya kamata. A tayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka kuma akwai wani rubutu, Temperature, da harafin A ko B ko C a gabansa. A za ka nema.

Sai shekaru. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi har ƙarshen layin, za ka ga lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Idan 2322 ne, an yi tayar a sati na 23 na shekarar 2022. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake bugawa, don haka ka sa a juya maka ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗakar da direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Kamfanoni irin Michelin suna cewa a riƙa dubawa duk shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Ƙasashen da aka yi wa wannan lissafi na goma ba su san ranarmu ba. A ganina, mai mota mai gudu a Kano ya riƙe na hukuma, ya fi masa kwanciyar hankali.

Yanzu ga abin da ke kasuwa, in ka shiga Ƙofar Ruwa ko shagunan Sabon Gari.

Tayar Baljiyam ita ce ta fi jan hankali, kuma na san dalili. Da kuɗin sabuwar taya ɗaya mai suna za ka iya cika ƙafafu biyu, har mai shago yana rantsuwa cewa daga jikin motar Bature aka cire ta. Sau da yawa ma gaskiya yake faɗa. Amma ka tambayi kanka, me ya sa Baturen ya cire? A Turai doka ta yarda a hau taya har zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6. Wanda ya jefar da taya mai zane mai zurfi, to ko dai ta tsufa, ko ta daki wani abu, ko kuma ta lokacin sanyi ce. Robar tayar sanyi an haɗa ta ne don ta yi laushi idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7. Ka ɗora ta kan kwaltar Kano, sai ta yi lagwas: sitiyari ya yi sanyi a kwana, birki ya tsawaita, zanen ya riƙa cinyewa kamar sabulu. Gane ta ba wuya: alamar dutse da ƙanƙara, da kuma ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen kamar an yi da reza. Kyan ɗan maciji ne da ita. Ban da haka, akwai yadda ake shigo da su, a cusa taya cikin taya don kwantena ta ɗauki da yawa. Wannan cushe yana lanƙwasa wayar da ke bakin taya, wadda ke riƙe rim, kuma ba lallai ido ya gani ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa (SON) ta sha kama irin waɗannan, har da sababbi. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci ma suna cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su. In dai mota tana da ƙarfin da na ambata, ban ba kowa shawarar Baljiyam ba, ko a matsayin safaya sai an tantance shekarunta.

Manyan sunaye sababbi fil: Michelin Pilot Sport, Continental PremiumContact, Goodyear Eagle F1, Bridgestone Potenza, Pirelli P Zero. Waɗannan ne suka fi kama ƙasa, musamman a jiƙaƙƙen titi, kuma duk wanda ya taɓa taka birki a watan Agusta, ruwa ya kwanta a titi, Adaidaita Sahu ya faɗo masa ba zato, ya san darajar mita biyu ko uku. Matsalarsu biyu. Ta farko kuɗi. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, tayar mota daga waje take zuwa mana, farashinta kuma yana bin dala. Ta biyu, saboda tsadar ba sa fita da wuri, sai ka tarar da taya "sabuwa" da ta shekara uku a jingine a shago, wani lokaci ma rana na dukanta. Ka biya kuɗin sabuwa, ka karɓi mai saura shekara ɗaya. Idan ka samu wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba kuma aljihu zai ɗauka, saya, ba za ka yi da-na-sani ba.

A tsakiya kuma akwai inda na fi tura abokaina: Hankook Ventus da Kumho Ecsta na Koriya, Yokohama da Toyo da Falken na Japan, Maxxis na Taiwan. Kamfanoni ne masu dogon tarihi, wasunsu ma kamfanonin mota na ɗora tayoyinsu a kan sababbin motoci tun daga masana'anta. Za ka samu W ko Y ɗinka, za ka samu XL, kuma da yake suna fita a kasuwa, an fi samun masu sabon kwanan wata. Tsakaninsu da manyan sunaye akwai tazara, amma tazarar da ke tsakanin sabuwar taya ta tsakiya da tsohuwar taya mai babban suna ta fi ta girma, kuma sabuwar ce ke gaba. Roba tana bushewa, ba ruwanta da sunan da aka buga mata.

Tayoyin Sin kuwa ba kudin goro za a yi musu ba. Akwai manyan kamfanoni irin Triangle da Sailun da Linglong waɗanda ke sayarwa har Turai, kana iya ganin takardar gwajin Tarayyar Turai manne a jikin tayar, mai nuna kamun ruwa daga A zuwa E. In ka ga A ko B a wurin hoton gajimare da ruwa, ga harafin gudun da ya dace, to abin dubawa ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma masu sunayen da ba wanda ya taɓa ji, yau a gani gobe a nema a rasa, ko da ɗaya ta fashe ba za ka samu 'yar'uwarta ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yayin ƙara girman rim. Matashi zai samu E46 ko C-Class mai kyau, sai ya ɗora mata rim 19 da taya siririya kamar zare. Lissafa: gefen 225/45 R17 milimita 101 ne, na 225/40 R18 milimita 90, na 225/35 R19 bai kai 80 ba. Wannan gefen shi ne katifar da ke tsakanin rim da ramin titi. Bayan damina, lokacin da titunan unguwanni suka farfashe, rami ɗaya ya isa ya tsinke zaren gefen taya ya lanƙwasa rim. Tsohuwar mota kuma shokazoba da bushin ɗinta sun riga sun gaji, duk dukan da taya ba ta shanye ba su zai faɗa wa. Tsaya a girman da kamfani ya bayar. Mai 320i ko 325i zai iya ma sauka zuwa 205/55 R16 ya ji daɗin titi. Mu masu 330i ba mu da wannan dama, saboda faifan birkin gaba ya yi wa rim 16 girma.

Masu ƙananan rim suna da tasu wahalar. Golf VR6 tana amfani da 205/50 R15, kuma samun wannan girman da harafin V a Kano sai an sha yawo, don kasuwa ta koma kan girman motocin haya da na gida. Mai shago zai ce maka, "Yallaɓai, sa 195/65 mana, ai duk sha biyar ce." Rim ɗaya ne, amma tayar ta fi tsayi sosai: za ta iya gogar jiki a kwana, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. Gara ka ba da oda daga Legas ka jira sati guda.

Wasu motocin tayar bayansu ta fi ta gaba faɗi. Tawa 225/45 ce a gaba, 245/40 a baya, don haka ba a musanya gaba da baya. Idan tayoyinka duk girma ɗaya ne kuma kuɗin biyu kawai ke hannunka, sababbin su tafi baya, ko da motar da gaba take ja. Gaba in ya zame, sitiyari na hannunka. Baya in ya kwace a jiƙaƙƙen titi, sai dai ka ga motar ta juyo tana kallon inda ta fito. Kuma kada a haɗa iri biyu a gatari ɗaya, hagu da dama su zama tagwaye.

Ranar ɗorawa kada ka miƙa mukulli ka tafi shan shayi. Tsaya a kai. Wasu tayoyin suna da kibiya da kalmar Rotation, dole kibiyar ta bi inda taya ke juyawa in mota na tafiya gaba. Wasu an rubuta Outside, wannan gefen ne zai kalli waje. Na sha ganin an juya su. Ka sa a canza bawul, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma tsohon bawul na iya sace maka iska a hankali. A yi balansin, a yi alaimen, in ba haka ba tsohuwar ƙafa za ta cinye maka gefen sabuwar taya cikin 'yan watanni. Faci a tsakiyar zane ba laifi in an kwance tayar an yi shi daga ciki, amma tayar da ta huje ko ta kumbura a gefe ta gama aiki, kowa ya ce zai gasa maka ita kada ka yarda.

Iska kuma ka sayi gejinka ka ajiye a mota. Masu faci da yawa da ido ko da bugun ƙarfe suke aunawa, kuma sun fi son cikawa tam. Auna da safe kafin mota ta motsa, ka bi lambar da ke jikin ƙofa. In ka auna da rana bayan tafiya ka ga ta hau, kada ka rage, zafi ne, za ta sauka da kanta. Ƙarancin iska ya fi yawan iska haɗari a dogon titi, domin gefen taya yana ta lanƙwashewa yana tara zafi har ya saki.

Da na tashi canza tawa bara, shago huɗu na shiga. A na ukun na samu babban suna, amma shekararta biyu da rabi. A na huɗun na samu ta Koriya, 94W XL a gaba, watanta bakwai da fitowa. Na sa yaron shagon ya sauko da duka huɗun, na juya kowacce na karanta lambobinta, na shafa cikinta da hannu ko akwai lanƙwasa a bakin waya. Ɗaya daga cikin na bayan ta girmi sauran da shekara guda. Na ce a canza. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne." Na ce masa to in duk ɗaya ne ba zai yi wuya a ɗauko wata ba. Ya tura yaron sito, aka kawo.