Burs ɗin Turkiyya: abin da ake samu a nan, da yadda muke ɓata dosiye tun daga Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa na Maraɗi, musamman ƙannenmu ƴan tarminal da waɗanda ke shekarar ƙarshe ta lisans a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo.

Tun daga ranar da ɗalibi ya buɗe dosiyensa na neman burs, wato tallafin karatu, na gwamnatin Turkiyya har ranar da ya hau jirgi a Yamai, hukumar da ke ba da shi ba ta karɓar ko dala a hannunsa, ba ta kuma tambayar ko shi ɗan wane ne. In ya iso ya gama rajista, kuɗi na shiga asusunsa na banki wata-wata, babu zaman jira, babu yajin karatu, babu tattaki zuwa ofishin gwamna. Duk ɗan Nijar da ya zo nan Turkiyya sai wannan ya ɗaure masa kai. Ba sai na tsaya faɗa muku dalili ba, kun fi ni sanin yadda ake ƙirga watanni a gida kafin a ji an biya.

Hukumar YTB, ta gwamnatin Turkiyya mai kula da Turkawan waje da ɗaliban ƙasashen waje, ita ce ke tafiyar da shirin, sunansa Türkiye Bursları, kuma tun 2012 ake yinsa da wannan sunan. Abin da ke ciki: gurbi a jami'a, kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya, shekara ɗaya ta koyon Turkanci, tikitin jirgi na zuwa, da wani na komawa gida in an gama karatu. A 2025 kuɗin aljihu na wata lira 4,500 ne ga ɗan lisans, 6,500 ga ɗan mastar, 9,000 ga mai doktora. Masu nema daga ƙasashen duniya sun wuce dubu ɗari a shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa ƴan dubbai ne kawai. Saboda haka kuskure ƙarami ya isa ya fitar da mutum.

Ana buɗe nema ranar 10 ga Janairu, a rufe ranar 20 ga Fabrairu, ta intanet kaɗai. Sharaɗin da ya fi kayar da yaranmu shi ne na shekaru: mai neman lisans kada ya kai 21, mai mastar kada ya kai 30, mai doktora kada ya kai 35. Yaron da aka sa lakkwal a makare a Dakwaro ko Mayahi, ya maimaita aji ɗaya, ya sake zana bak sau biyu, kafin ya ji labarin shirin ƙofa ta rufe masa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne ba sai an jira sakamakon bak ba. Ɗan tarminal na iya nema da takardun makinsa na aji tun a Janairu, ya kawo shaidar bak daga baya. Wanda ya ce sai ya riƙe takardar a hannu ya yi asarar shekara guda a banza. Maki kuma ana neman aƙalla kashi 70 cikin ɗari ga lisans, 75 ga mastar da doktora, 90 ga likitanci da haƙora da haɗa magunguna. A lissafinmu na kan 20, kashi 70 shi ne 14, kashi 90 kuwa 18. Iyaye su dubi wannan da kyau kafin su matsa wa yaro mai 12 cewa dole likitanci zai nema.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hukumar ta rubuta ƙarara a shafinta cewa neman kyauta ne, kuma ba ta wakilta wani mutum ko wani ofishi ya nema a madadin kowa ba. Duk da haka da Janairu ta kama, sai ka ga yara sun cika shagunan intanet, kowa da ambulan ɗinsa da kuɗin da uwarsa ta haɗa da ƙyar, suna miƙa wa mai shago ya "cika musu". Biyan kuɗin na'urar ɗaukar hoton takardu da kuɗin zama kan kwamfuta halal ne, ba shi nake ƙi ba. Abin da ke ɓata dosiye shi ne a bar wa wani cikawar gaba ɗaya, kuma ta hanya uku yake ɓatawa.

Na farko adireshin imel. Mai shago yakan buɗe wa yaro sabon imel, ko ya sa nasa, ya riƙe lambobin sirri. Ita kuwa hukumar ta imel da shafin dosiye take sanar da ranar ganawa, wato zaman da ake yi wa mai nema tambayoyi baki da baki, daga Afrilu zuwa Yuni. Saƙon ya shigo, ba wanda ya duba, ranar ta wuce, yaro na zaune a unguwar Zariya yana cewa ai ba a ɗauke shi ba, alhali an kira shi. Imel ɗinka ya zama naka, lambar waya taka, lambobin sirri a kanka, ka riƙa dubawa kullum har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa.

Sai wasiƙar da ake bayyana dalilin neman karatun. Mai shago yana da guda ɗaya a kwamfutarsa, suna kawai yake canzawa. Yara ashirin daga gari ɗaya, kowa ya ce tun yana ƙarami yake ƙaunar Turkiyya da tarihinta. Masu karanta dubban wasiƙu sun san irin wannan tun daga layin farko. In ma ta tsallake, a wurin ganawa ake shan kunya, don da dosiyenka a gabansu suke yi maka tambaya. A ce maka ka rubuta kana son injiniyancin noma, me ya sa, wace matsala ce a yankinku, sai ka yi tsuru-tsuru domin ba ka taɓa karanta abin da aka rubuta da sunanka ba. Wallahi wannan yana min ciwo, saboda ɗan Maraɗi ba abin faɗa ya rasa ba. Wanda ya tashi yana ganin yadda Gulbin Maraɗi ke cika da damina ya ƙafe da rani, ya san ɓarnar da tsutsa ke yi wa zangarniyar hatsi, ya san yadda wake ke lalacewa a rumbu, ya san nisan da mai naƙuda ke yi daga ƙauye kafin ta ga ungozoma, yana da wasiƙar da ba wanda zai iya rubuta masa ita. Ka faɗi abin da ka gani, fannin da zai magance shi, da abin da za ka yi in ka koma. Ka rubuta da harshen da za ka iya kare kanka da shi baki da baki, malaminka ya gyara maka kurakurai kawai.

Na uku zaɓin jami'o'i. Ana ba mutum damar zaɓe har 12. Mai shago sunan Istanbul da Ankara kaɗai ya sani, sai ya jera su, ya haɗa likitanci da shari'a da injiniyanci a dosiye ɗaya. Mai dubawa zai gane ba ka san abin da kake so ba. Ka tsaya kan fanni ɗaya ko masu kusanci da juna, ka sa garuruwa irin su Konya, Kayseri, Samsun, Sakarya, Erzurum, inda rububi bai kai na manyan birane ba kuma rayuwa ta fi sauƙi. Ka zaɓa da hankali, domin canza gari ko fanni bayan an ba ka abu ne mai wuyar gaske. Masu neman lisans su kuma san cewa kafin ganawar akwai jarrabawa ta tambayoyi 30 kan lissafi da auna hankali. Sakamakon ƙarshe wajen watan Agusta yake fitowa.

Akwai wata cuta da tamu ce mu kaɗai, ta rubutun suna. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, shaidar bak ta ce Mahamane, fasfo ya ce Mamane, sunan uba wani wuri a gaba wani wuri a baya. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, a ɗaga kafaɗa a wuce. A nan kwamfuta ce ke dubawa, kuma harafi ɗaya ya isa ya tsai da rajistar jami'a ko takardar zama. Haka ranar haihuwa, musamman ga masu takardar da kotu ta yi musu daga baya. Ku shimfiɗa takardunku duka a kan tabarma tun Oktoba ku gwada su harafi da harafi, gyara yana cin watanni.

Kada kuma wani ya ɗauka da an sauka wahala ta ƙare. Dole a fassara takardun karatu zuwa Turkanci wurin mai fassara da ya yi rantsuwa, a kai ofishin noter a buga hatimi, kuma kowane shafi da kuɗinsa, daga aljihunka. Dole a nemi denklik, wato shaidar ma'aikatar ilimi cewa bak ɗinka daidai yake da nasu. Dole a nemi ikamet, takardar zama, wadda ke zuwa da lambar baƙo mai farawa da 99, kuma kusan komai a ƙasar nan da lambar ake yinsa. Kuɗin aljihu na farko ba ya shigowa sai an gama rajista an buɗe asusu, abin kan ɗauki makonni. Wanda ya zo hannu rabbana zai sha wuya. Ya taho da guzurin aƙalla wata biyu, da kuɗin rigar sanyi ta gaske da takalmi rufaffe.

Kuɗin kansa lira ke cinye shi. Sefa tamu a ɗaure take da yuro, lira kuwa kullum ƙasa take yi. Lira 4,500 a farkon 2025 ta kusa jika 80, a ƙarshen shekarar ta koma wajen jika 60, farashi kuma yana hawa. Ta isa kati na mota da sabulu da abincin rana in an yi tattali, amma ba ta isa a aiko gida ba. Iyaye da yayye, don Allah ku daina kiran yaro ranar da kuka ji an biya shi. Ga kuma batun waya, wanda ba wanda ke faɗa wa sababbin zuwa: wayar da aka shigo da ita daga waje tana aiki da layin Turkiyya kwana 120 ne kawai, daga nan a toshe ta sai an biya harajin rajista, wanda a 2025 ya kai lira 45,614. Kuɗin aljihun wata goma ke nan a kan waya ɗaya. Kada ka sayi sabuwar waya mai tsada a Maraɗi don tafiya, ka zo da tsohuwarka ka sayi ta nan.

Ɗakunan kwanan gwamnati suna da tsabta, akwai ruwan zafi da na'urar ɗumama ɗaki, akwai karin safe da na dare, akwai kuma lokacin rufe ƙofa. Sai dai burodi da zaitun da cuku kullum safiya, mutum har ya fara mafarkin fura da nono da tuwon hatsi miyar kuka. Mai tahowa ya sako yaji da daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli, ya ɗaure su da kyau.

Shekarar Turkanci a cibiyar TÖMER ba hutu ba ce. Ana son mutum ya kai matakin C1, wato babban matakin iya harshen, kafin ya shiga fanninsa, ana ɗaukar sunan masu zuwa aji, kuma yawan fashi ko yawan faɗuwa na iya sa a tsai da burs ɗin. Al'adarmu ta bari sai jarrabawa ta matso a kwana ana hadda ba ta aiki a nan.

Abu na ƙarshe zan faɗa wa iyayenmu Alhazai, cikin girmamawa. A ƙasar nan ba gwamnati kaɗai ke ɗaukar nauyin ɗalibai ba. Akwai waƙafai masu yawa, na ƴan kasuwa da na masu masana'antu, da ke gina ɗakunan kwana suna ba ɗalibai kuɗin wata, kuma waƙafin Diyanet, na hukumar harkokin addini ta ƙasar, har yaran ƙasashen waje yake ɗauka su yi karatun addini. Maraɗi ba ta rasa masu hali ba, ba ta rasa masu gina masallatai da rabon zakka ba, Allah ya saka musu. Amma yaro mai 15 a kan 20 daga Tasawa ko Madarunfa na iya rasa ganawar da aka kira shi a Yamai saboda kuɗin mota na tafiyar kilomita sama da 600, da wurin kwana, da kuɗin fasfo. Ɗaki ɗaya a cikin gari mai kwamfuta biyar da intanet da na'urar ɗaukar hoton takardu, a buɗe daga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, da malamai biyu masu gyara wasiƙa, da ɗan asusu na kuɗin mota da fasfo, duk ba su kai abin da ake kashewa a biki ɗaya ba. Mu da ke nan a shirye muke mu riƙa duba dosiye ta WhatsApp kyauta, in an samu wanda zai ba da ɗakin.