Dekin gida: buhu 145 ko buhu 100?

Alhaji, maginan nan biyu da ɗaya ya ce dekinka mai mita 12 da mita 10 zai ci siminti buhu 145, ɗayan ya ce 100 sun isa, babu wanda lissafi ya kwace wa a cikinsu. Haɗin kankaren ne ba ɗaya ba. Na farko ya yi lissafi a kan 1:2:4, wato awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, na biyu a kan 1:3:6.

Kaurin dekin gidan zama yawanci inci 6 ne, wato mita 0.15. Ka buga 12 sau 10 sau 0.15, kubik mita 18 ke nan. Bim, wato gungumen kankaren da ke ɗauke da dekin ta ƙasa, shi mutane ke mantawa. A ce faɗinsa inci 9, ya sauko inci 12 ƙasa da dekin, tsawonsa duka mita 60, to ya ƙara kubik 4. Ainihin tsawon yana cikin zanenka, ka duba. Jimla 22. Busassun kaya kuma raguwa suke yi in an kwaɓa, don yashi na cike tsakanin tsakuwa, siminti na cike tsakanin yashi, shi ya sa ake ninkawa da 1.54 kafin a raba tsakanin siminti, yashi da tsakuwa.

A 1:2:4 kowane kubik yana cin buhu 6.3. Sau 22 ya ba ka 139, ka ɗora kashi 5 cikin ɗari na zubewa da wanda katako zai sha, ka isa kusan 145. Yashi kubik 10, tsakuwa kubik 19 zuwa 20, wajen tan 30. Ranar zubi ba lebura mai riƙe da kalkuleta, da kwano ake awo: buhu ɗaya kwano biyu ne, don haka kowane buhu a ba shi yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8, a shafe baki ba toliya. Ruwa kuma kowane buhu jarka ɗaya mai lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne a rage. Leburori na son ƙara ruwa don ɗauka ta yi sauƙi, nan ƙarfin kankare ke tafiya. Wannan haɗin in ya samu injin kwaɓa da na girgizawa, ranar da kafinta ya cire katako za ka ga ƙasan dekin sumul, ba rami ba rodi a waje, ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji ƙara tas. A zafin Gombe na Maris da Afrilu, ko iskar hunturu, dole a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma kada a taɓa sandunan tokara kafin kwana 21.

Shi 1:3:6 buhu 4.4 yake ci a kubik, nan aka samo ɗarin. Yana da wurinsa a gindin fandisho da jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasa, amma ba a saman kan iyali ba.

Ka ɗauki mai 145, ka ce da simintin da aka rubuta lambar ƙarfi 42.5 a jikin buhunsa za a zuba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu kawo kaya, don su ke rusa lissafi mai kyau. Akwai masu farke buhu su rage su sake ɗinkewa. Ka zaɓi buhu huɗu ko biyar daga tsakiyar lodi ka ɗora a sikeli, kilo 50 ya kamata ka gani. Wanda ka taɓa ka ji ƙulalai masu tauri a ciki, ya sha laima, ka mayar. Tifa kuma kada ka yarda da "cikakkiya ce", ka sa tef ka auna tsawo da faɗi da zurfin kayan kafin a juye. Yashi ka zuba kaɗan a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka bar shi ya kwanta. In laka ta yi kauri a sama, ba na deki ba ne. Kuma tunda ga kamfanin Ashaka nan a Funakaye, siminti ba ya yanke mana, ba dalilin tara shi wata uku a sito. Ka saya ana saura mako guda zubi, a jera shi kan katako nesa da bango.