Kilifar Wahl Super Taper a hannun matashi mai fara aski

Aski na cikin sana'o'in da yaro ɗan shekara 15 ko 16 zai iya farawa ba tare da shago ko babban jari ba, domin kujera ɗaya da madubi da kilifa sun ishe shi, kuma gashi ba ya daina tsirowa, wanda aka yi wa aski yau zai dawo bayan mako biyu ko uku. Kusan duk jarin wannan ƙaramar sana'a yana tattare ne a cikin injin askin, shi ya sa zaɓensa ya cancanci a yi masa nazari. Wahl Super Taper na daga cikin injinan da masu koyo suka fi ɗauka, kuma a ganina ta cancanci wannan farin jini, duk da cewa akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani kafin ya miƙa kuɗinsa.

Kamfanin Wahl yana garin Sterling a jihar Illinois ta Amurka, kuma tarihinsa yana komawa ga shekarar 1919, lokacin da Leo J. Wahl ya nemi rajistar mallakar kilifa mai aiki da maganaɗisun lantarki. Super Taper har yanzu a kan wannan tsohuwar dabara take tafiya. Babu wani abu mai juyawa a cikinta. Wutar da ke shiga naɗaɗɗiyar waya ce take jan wani ƙarfe tana sakinsa, shi kuma yana kaɗa rezar sama hagu da dama a kan ta ƙasa. Saboda sassan da ke motsi kaɗan ne, abin da zai lalace ma kaɗan ne, kuma wannan shi ne babban abin da matashi yake bukata, tun da ba shi da inji na biyu da zai ɗauko idan na farko ya tsaya ana tsakiyar aski.

Abin da ya fi amfanar mai koyo a jikinta shi ne ɗan hannun da ke gefe, wanda ake turawa da babban yatsa domin a canja tsawon yankan daga kimanin milimita 1 zuwa 3.5. Tana kuma zuwa da matajai huɗu na roba da ake maƙalawa a bakinta, masu lamba 1 zuwa 4, waɗanda suke barin gashi mai tsawon milimita 3 da 6 da 10 da 13. Yaron da ya fahimci yadda ake haɗa waɗannan biyun ya riga ya kama rabin sana'ar, domin da su ake sa gashi ya taso daga ƙeya zuwa tsakiyar kai a hankali ba tare da an ga layi ba. Suna kuma rufa wa sabon hannu asiri: idan ya fara da babbar lamba ya riƙa saukowa, kuskurensa zai gyaru, amma wanda ya fara da tsirarar reza ya zabtare wuri ba shi da mafita sai ya kwashe kan gaba ɗaya, kuma da wuya mai kan ya sake dawowa.

Wayar wuta ita ce abin da mutane suka fi kuka da shi, kuma kukan yana da tushe. Wanda yake son bin abokan ciniki gida-gida zai ga ta takura masa, kuma idan babu wuta babu aiki. Kilifa mai batir irin Magic Clip ta wannan kamfani ta fi sauƙin ɗauka, tana yin kimanin awa ɗaya da rabi kafin a sake caji. Duk da haka, ga matashin da zai yi aiki a wuri ɗaya bayan tashi daga makaranta, na fi karkata ga mai waya, saboda ƙarfinta ba ya raguwa daga kai na farko zuwa na ƙarshe, kuma batir kowane iri ne yana tsufa, ranar da ya gaji sai an sake kashe kuɗin da ba a yi tanadinsa ba.

Super Taper tana da nauyi a hannu, tana ƙara, kuma jikinta yana ɗaukar zafi idan aka daɗe ba a kashe ta ba, don haka dole a riƙa taɓa rezar da bayan hannu kafin a kai ta wuyan mutum, musamman ƙaramin yaro. Idan ta fara ƙara mai tsanani kamar ana kaɗa gwangwani, galibi ba lalacewa ta yi ba. Akwai sukuru a gefenta da ake juyawa kaɗan-kaɗan har sautin ya daidaita. Wani abin lura kuma shi ne, wadda aka ƙera domin wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120 ba ta dace da ƙasashen da ke amfani da 220 zuwa 240 ba, sai a karanta rubutun da ke jikinta tukuna. Akwai kuma jabu da yawa masu ɗauke da sunan Wahl, kuma arahar da ta wuce hankali ita ce alamarsu ta farko.

Ba a yi ta domin fitar da layin goshi da gyaran gemu ba, bakinta ya yi faɗi ga wannan aiki, kuma a nan ne masu koyo suke jarabtuwa su kwance sukurori biyun da ke riƙe da reza su matso da haƙoran sama daidai da na ƙasa domin ta ƙara kaifi. Ba na ba sabon hannu wannan shawara, domin haƙoran sama idan suka wuce na ƙasa ko da kaɗan ne za su yanki fata. Gara ya haƙura har cinikin farko ya tara masa kuɗin ƙaramin injin gyaran fuska.

Kula da ita ba shi da wahala, sai dai ba ya son sakaci. Bayan kowane aski a share gashin da ke tsakanin haƙora da ɗan buroshin da ke cikin kwalin, a ɗiga man kilifa ɗigo biyu ko uku tana kunne, sannan a goge reza da matajan da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa kan wani, domin makero yana bin kayan aski daga kai zuwa kai, kuma reza da ta taɓa jini tana iya ɗaukar cutar hanta nau'in B. Idan rezar ta dakushe ta fara tsinkar gashi maimakon yanka shi, ana sayar da ita daban, kuma da sukudireba kawai ake canja ta cikin 'yan mintoci.