Matakalar jeren 'yan tsana mai hawa bakwai: ta dace da Golu, ta yi wa Hina kaɗan

Masu ƙawata wuraren taro da makarantun Abuja da ke shirya ranar al'adu za su iya yin odar wannan matakala daga Indiya, da tunanin guda ɗaya za ta wadatar da bikin 'yan tsana na Indiya da na Japan. Tunanin yana da tushe. A kudancin Indiya, musamman Tamil Nadu da Karnataka da Andhra Pradesh, ana jera Golu, wato 'yan tsana a kan matakala, a darare tara na bikin Hindu na Navaratri, tsakanin Satumba da Oktoba. A Japan kuwa ana bikin Hinamatsuri, inda ake jera 'yan tsanan da ake kira Hina, ranar 3 ga Maris domin 'ya'ya mata. Dukansu jere ne hawa-hawa a kan yadi, kuma dukansu suna da ƙanshin aure. Iyayen amarya a Indiya kan ba ta mata da miji na katako, Marapachi, ta fara nata jeren da su. A Japan dangin uwa ne a al'adance ke sayen setin, kuma hawa biyu na ƙasa cike suke da ƙananan akwatuna da madubi da sauran kayan ɗaki. Duk wanda ya taɓa ganin kwalla da samira a kabad ɗin amarya ba ya buƙatar tafinta.

Wadda muka duba ta ƙarfe ce mai ramuka, faɗinta ƙafa 4, zurfin kowane hawa inci 8. A cikin kwalin akwai firam biyu na gefe, sanduna biyu da ke gittawa ta baya, faranti bakwai, da ledar noti. Mutum biyu da sufana ɗaya sun isa. A tsayar da firam ɗin, a ɗaura sandunan baya, sannan a sa faranti daga ƙasa zuwa sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure noti tamau tun a hawan farko: kafin a kai na biyar ramukan sun daina haɗuwa, sai an kwance. A bar su sako-sako har komai ya zauna, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafun ba su da roba, suna zamewa a kan tayil, don haka a yanka tsohon tib a sa musu. Lankwasar bakin farantin ma tana da kaifi, tana cin yadi.

Ga Golu, ba laifi. Al'adar tana son hawa mara, 3 ko 5 ko 7 ko 9, kuma ana iya cire faranti biyu ta koma biyar. 'Yan tsanan yawanci na yumɓu ne ko na dakakkiyar takarda, suna tsaye, gindinsu ƙarami, inci 8 ya ɗauke su. Nauyi ne abin lura. Tsarin Golu yana ɗora siffofin abin bautar Hindu a sama, mutane a tsakiya, dabbobi da 'yan kasuwa a ƙasa, saboda haka manyan sukan hau can ƙoli. Idan ba a jingina matakalar da bango an ɗaure ta ba, yaro ɗaya ya ja yadin ya isa. Makarantar da al'ada kawai take son nunawa tana iya barin hawan ibada, ta tsaya kan Marapachi da tsohon ɗan kasuwa da matarsa zaune gaban 'yan buhunan hatsi.

Matsalar tana wajen Hina. Cikakken seti 'yan tsana 15 ne: sarki da sarauniya a sama, jakadu mata uku, makaɗa biyar, fadawa biyu, barori uku. Duk da haka ba yawansu ba ne damuwar, zamansu ne. Sarauniya a zaune take, rigunanta sun bazu a kan ɗan dandamali, bayanta ga labulen zinariya mai naɗewa, gefe ga fitilu biyu. Inci 8 ba ya ɗaukar wannan, labulen sai ya faɗa baya. Maganinsa falanki mai zurfin inci 16 a hawan sama, a ɗaure shi da noti ta ƙasa, kafinta zai yi a rana ɗaya. Sai jan yadi mai kauri, yadi huɗu, a kama shi da kilif a kowace kusurwa, domin fil ba ya shiga ƙarfe.

Yanayin Abuja ma ba ya raga mata. Navaratri na faɗowa a ƙarshen damina, kuma fentin cikin ramukan siriri ne, nan tsatsa ke farawa ta tabo farin yadi. A shafa mata fentin hana tsatsa tun tana sabuwa. Maris kuma ƙura ce da zafi. Fuskar 'yar tsanar Hina ta gargajiya an shafe ta da garin bawon kawa da gam, bushewar iska tana tsaga ta, maiƙon yatsa yana barin tabon da ba ya fita. A ɗauke ta da safar hannu, a kaɗe ƙura da burushi mai laushi, kada ruwa ya kusance ta, kuma a nisanta ta da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Japanawa na cewa wanda ya yi jinkirin kwashe jeren bayan 3 ga wata, 'yarsa za ta daɗe ba ta yi aure ba. A nan ko ba don wannan ba, ƙura za ta sa ka gaggauta.

Kuɗin dako shi ne ke ɓata lissafi, domin ƙarfe nauyi gare shi. Mai buƙatar Golu kaɗai, mai son abin da zai kwance ya tura ƙarƙashin gado, ya saya. Mai son ta yi bukukuwan biyu gara ya sayi ƙarfe a kasuwar Dei-Dei ta Abuja, ya kai wa mai walda da awon hawan sama a rubuce.