Cinikin Biri a Sama: Wasiƙa ga Yayana a Jos Kan Tikitin Ƙwallo a Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. A gaishe min da 'yan majalisar bakin teburin mai shayi ta Unguwar Rogo, musamman masu cewa tun da na tafi ba su taɓa ganin hotona a Old Trafford ba, don haka wataƙila a Kwatano nake zaune ina yi musu ƙaryar Ingila. Wannan wasiƙa amsarsu ce, kuma amsar tambayarka ce ta ko zan iya sama maka tikitin wasan Arsenal idan Allah ya kawo ka a Disamba.

Bari in fara da saƙon da ya shigo wayata a tsakiyar Maris. Kulob ɗin garin da nake zaune, a nan arewacin Ingila, ba a Firimiya yake ba, yana rukuni na biyu ne da ake kira Championship. Shekara uku ke nan ina riƙe da tikitinsu na kaka. Yadda abin yake, kuɗi za ka biya dunƙule, a ba ka kujera mai lamba, ta zama taka a duk wasannin gida na lig: 23 a rukuninmu, 19 a Firimiya. Wasannin kofi galibi daban ake biyan su. To saƙon ya ce lokacin sabuntawa ya yi. In na biya kafin ƙarshen Afrilu, fam 400 da ɗoriya. In na wuce nan, kuɗin ya hau. In kuma na bari wa'adi na biyu ya cika, kujerata ta zama ta wani.

Yaya, a ranar da saƙon ya zo, maki biyu ne tsakaninmu da masu faɗawa rukuni na uku. Ba wanda ya san a wace gasa za mu buga baɗi. Ba wanda ya san ko kocin zai kai Sallah, ko za a sayar da yaron nan ɗaya tilo da yake ci mana ƙwallo. Jadawalin sabuwar kaka ma sai cikin Yuni ake fitar da shi. Amma kuɗi yanzu ake so. Mu a gida ai cinikin biri a sama muke kiran wannan, kuma ko a kasuwar Taminus ba mai yarda ya biya kuɗin yadi kafin a sauko masa da shi ya taɓa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda al'amura suka juye. A Jos mai gida na shekara yake karɓa a dunƙule, shi kuwa ɗan kallo ranar wasa yake miƙa 'yan canjinsa a bakin ƙofa. A nan haya wata-wata ake biya, ƙwallo ce ake biya wa kuɗin shekara tun kafin a shiga.

Lokacin da suke zaɓa ɗin ma ba ya yi wa talaka daɗi. A cikin Maris ne takardar harajin ƙaramar hukuma take zuwa, sabon kuɗi ya fara aiki a Afrilu, kuma kusan kowace shekara sama yake yi. Kuɗin ruwa da na waya su ma a Afrilun suke hawa. Mu kuma a 'yan shekarun nan azumi da Ƙaramar Sallah a tsakanin nan suke faɗowa, ka fi kowa sanin irin saƙonnin da suke shigo min a goman ƙarshe. Amma in ka dubi ɓangaren kulob, ba don mugunta kawai suke yi ba. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Agusta ba wasan lig a gida, ba kuɗin ƙofa, albashin 'yan wasa kuwa ba ya tafiya hutu. A lokacin ne kuma ake buɗe kasuwar sayen 'yan wasa. Kenan mu ne muke ba su rance ba ruwa. Ga kuma dokar kashe kuɗi: a kakar 2023/24 an zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki saboda asarar da suka yi ta wuce iyakar da aka gindaya, wadda a lokacin a Firimiya ba ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Tun daga nan kowane kulob ya samu abin fakewa idan zai ƙara kuɗi.

Namu ma mai sauƙi ne. A Arsenal ɗinka, mafi arhar tikitin kaka na babba ya haura fam 1,000. Fulham, da suke yammacin Landan, sun sa kujerun sabon ɓangaren filinsu na bakin kogi har fam 3,000. In ka yi lissafin fam a naira 2,000, na Arsenal ya wuce miliyan biyu, wato albashin fiye da shekara biyu ga mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Sai dai kada 'yan majalisa su riƙe baki da yawa, mayar da fam naira yana ruɗa mutum. Mafi ƙarancin ladan aiki a nan ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, don haka fam 1,000 aikin kamar mako biyu ne kafin a cire haraji. Da nauyi, amma ba gida za ka sayar ba. Matsalar ita ce ko kuɗin na hannunka ba lallai ka samu ba. Manyan kulob suna da layin jira na dubban mutane, akwai wanda ya rubuta sunansa yana saurayi har ya aurar da 'ya bai samu ba. Shi ya sa mai kujera ba ya sakinta ko da ransa a ɓace yake, kuma kulob ya san da haka.

Bayan ka biya, sai masu talabijin su shigo. Sky da TNT sun sayi haƙƙin nuna Firimiya a cikin ƙasar, tare da BBC mai nuna taƙaitattun wasanni, a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga kakar 2025/26. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi shi yake faɗin lokacin take wasa. Wasan da aka rubuta Asabar da uku na rana sai ka ji an mayar da shi daren Juma'a, ko Lahadi da rana tsaka, ko Litinin da takwas na dare. Rukuninmu ma bai tsira ba. Ni da nake aikin karɓa-karɓa, bara wasa biyar na rasa, duk na riga na biya kuɗinsu. Wasu manyan kulob ɗin ma yanzu sun sa ƙa'ida: dole a yi amfani da kujerarka a kaza daga cikin wasanni 19, ko ka zo, ko ka tura wa wani ta manhajarsu, ko ka mayar musu su sayar. In ba haka ba baɗi ba za a sabunta maka ba. Tikitin a cikin waya yake, suna ganin duk shigarka.

Ga wanda na san 'yan majalisa ba za su yarda ba sai na rantse. Wasan Asabar na ƙarfe uku, wanda kuke kallo da huɗu lokacin sanyi, ba a nuna shi kai tsaye a talabijin a Ingila. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ta hana nuna ƙwallo daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata ranar Asabar, wai don kada mutane su zauna a gida su bar ƙananan kulob da filaye wayam. Kai da kake kan benci a gidan kallo na Titin Bauchi, janareto yana ƙugi, allo uku a gabanka, ka fi Baturen da aka haifa a bayan filin ganin wasannin Firimiya. Wallahi akwai Asabar ɗin da ni da ke Ingila kai na kira kake ba ni labarin wasan Chelsea.

Amma zan yi musu adalci. Abin da ka biya kana samun sa. In an ce uku, uku ɗin ce. Kujerarka ko ka zo saura minti ɗaya ba wanda zai ce maka "ai na riga ka". Ga banɗaki, ga masu kula da jama'a sanye da riguna masu ƙyalli, ga wurin masu keken guragu. Mata da yara da tsofaffi 'yan shekara tamanin suna zuwa. Baƙi su ci wasa su hau motarsu su tafi, alƙalin wasa ya sha zagi amma ya kwana a gidansa. Wannan tsari da jini suka same shi. A 1989 an yi turmutsutsu a filin Hillsborough da ke Sheffield, wanda ya zama ajalin magoya bayan Liverpool 97. Bayan binciken da aka yi ne aka tilasta wa manyan kulob su sa kujeru a ko'ina, aka rushe wuraren tsayuwa masu arha, aka kuma kafa Firimiya a 1992, farashi ya kama hanyar sama. Wasu filayen har da ɗakin salla suke da shi yanzu, Blackburn Rovers ma a 2022 sun buɗe filinsu an yi sallar Idi a kan ciyawa.

Nakan tuna lokacin da kake riƙe hannuna mu tafi filin Rwang Pam, da labaran Mighty Jets da Baba yake ba mu, yadda suka ɗauki kofin lig na farko a 1972 amma kofin ƙalubale ya yi ta kufce musu a wasan ƙarshe. Na tuna 2017 da Plateau United ta ɗauki lig, garin nan bai yi barci ba. Kuɗin shiga bai kai na kwanon shinkafa ba, wani lokacin ma wani babba ya ce a buɗe ƙofa kyauta. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa ba za a koya masa son ƙwallo ba. Sai dai zamana a nan ya nuna min wani abu. Yawancin kulob ɗinmu na lig na gwamnatocin jihohi ne, albashi daga baitulmali yake fitowa, don haka ko fili ya cika ko bai cika ba, ba kunnen da zai motsa. Ɗan kallon da ba a buƙatar kuɗinsa ba a buƙatar jin bakinsa. A nan kuwa kuɗin da suke biya shi ne sandarsu.

A Fabrairun 2016 Liverpool ta ce za ta kai wasu kujeru fam 77. Ranar wasansu da Sunderland, ana cika minti na 77, kimanin mutum 10,000 suka miƙe suka fice. Liverpool na ci biyu da nema a lokacin, aka tashi biyu da biyu. Cikin 'yan kwanaki masu kulob ɗin suka ba da haƙuri suka janye. A shekarar ne kuma aka ƙayyade tikitin baƙi a Firimiya kada ya wuce fam 30. A ƙarshen 2024 da Manchester United ta mayar da ragowar tikitinta fam 66 kan kowa, ba ragi ga yaro ko tsoho, sai ga magoya bayan United da City da Liverpool da Everton, mutanen da ba sa ga-maciji, suna ɗaga ƙyalle iri ɗaya suna cewa a daina cin gumin masu biyayya. Wani lokacin su yi nasara, wani lokacin a ƙyale su su gaji. Suna yawan kafa misali da Jamus, inda doka ta bar wa mambobi rinjayen ƙuri'a a yawancin kulob, tikitin tsayuwa na shekara a Bayern Munich bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na mafi arhar Arsenal ba.

Akwai wani dattijo Bature da kujerarsa take dama da tawa. Tun kafin a haife ni yake zuwa filin, mahaifinsa ne ya fara kawo shi, kamar yadda Baba ya kai ka. Kullum da fulas ɗinsa na shayi, kuma tun da ya gane ina azumi ya daina buɗe shi a gabana, ko da na ce masa ba komai. Bana an ɗaga shekarun da ake fara yi wa tsofaffi ragi, an kuma rage ragin. Ya ce min da fanshonsa zai iya biya bana, baɗi kuwa sai abin da ya gani. Ya ce kulob ba ya son irinsa, don shi ba ya sayen riga, ba ya sayen abincin cikin fili, sau ɗaya yake biya a shekara a farashi mai rahusa. Wanda ake so shi ne baƙon da zai zo daga nesa wasa ɗaya, ya biya ko nawa ne, ya shiga kantin kulob ya fito da leda biyu. Na yi shiru, don a raina na san wa yake nufi. Kai yake nufi, Yaya, da tafiyarka ta Disamba.

To game da tikitin naka. Wasan Arsenal a Emirates ba a zuwa bakin ƙofa a saya. Sai ka fara biyan kuɗin zama mamba, sannan ka shiga ƙuri'a, in rabonka ya tsaga ka samu. In ba haka ba sai kujerun alfarma masu haɗe da abinci, waɗanda kuɗin guda ɗaya zai iya kai na tikitina na shekara. 'Yan bumburutun intanet kuwa kada ka kula su, sayar da tikitin ƙwallo ta bayan fage laifi ne a dokar ƙasar, kuma na bogi sun yi yawa. Zan yi maka rajistar mamban tun yanzu mu gwada sa'a. In ba ta yi ba, ka zo da rigar sanyi mai kauri, don sanyin Jos wasan yara ne, in kai ka namu filin ka zauna kusa da dattijon nan.

Ni dai na sabunta, saura kwana biyu wa'adi ya cika, a kan biya goma da za su riƙa cira daga asusuna kowane wata. Mun tsira daga faɗawa a wasan ƙarshe, an kori kocin, an kuma sayar da yaron. Don Allah kada ka faɗa wa Hajiya nawa na biya, ka san har yanzu ban kammala turo kuɗin ragon layya ba.